Awa Huɗun Wankin Ƙoda

"Ki kashe rediyon nan, Auta," in ji Tela. "Tun ɗazu injin a kashe yake."

"Bar shi mana, masoyi. Waƙa ɗaya ce ta rage..."

Waƙa ɗayan nan kuwa ta haifi goma. Duk Litinin da Alhamis Auta ke kawo Baba asibiti wankin ƙoda. Awa huɗun da yake kwance, su kaɗai ne nata a duniya. Sai Tela ya rufe shagonsa ya zo, su zauna a tsohuwar motar Baba, fanka na juyawa, waya na caji, inji a kashe don tsimin mai. Shekara guda ke nan, Baba bai sani ba. Da wane baki za ta ce masa tana son aure, alhali ita ce hannunsa da ƙafarsa?

Yau an sallame shi da wuri. Ta hango shi yana dafa bango, jiri na ɗibarsa. Tela bai samu zarafin sulalewa ba, shi ne ma ya kama Baba ya zaunar da shi a baya.

Ta murza makulli. Ƙyas-ƙyas, sai shiru. Ta sake, ko fitilar gaban direba ba ta kawo ba. Ga shi motar ba irin wadda ake turawa ta tashi ba ce. Tela ya ruga neman wayar haɗa batir, mota bayan mota, kowa na girgiza masa kai.

Rana ta take. Gumi na bin wuyan Baba, numfashinsa sama-sama. Ta yi ta yi masa fifita da katin asibiti, ba abin da ta iya sai kuka.

"Wane ne yaron can?" in ji Baba.

"Baba, ka yafe min... Ni na shanye batirin. Hira muke yi."

"Tun yaushe?"

"Shekara."

Ya daɗe yana kallon Tela, wanda ke can yana roƙon wani direba, rigarsa sharkaf.

"Ni kuwa ina kwance a ciki kullum ina kukan na cinye miki ƙuruciya," ya ce a hankali. "Da kin faɗa min, da na riƙa kwanciya da sanyin zuciya. Kira shi ya shigo inuwa, Auta. Motar ta jira."