Ɗaurin Sarƙar Gidan Harkin

Ranar Juma'a da hantsi Des Harkin ya dawo daga zagayen wuraren shan ruwan tumakinsa, ya tarar da rumfar mota wayam. Farar jif ɗin da ya saya ko wata ba a yi ba ta yi ƙafa. Ya leƙa bayan gida kamar mai neman akuya, sannan ya buga waya caji ofis na garin Quilpie.

Sajan Maree Tolhurst ce ta ɗauka, don ranar ita kaɗai ce a ofis, ita ce babba ita ce ƙarama. Ta kama jar hanya, ba ta haɗu da kowa ba sai gawar kangaru. A ƙofar shingen gonar ta sauka, nan kuwa ta sha fama. An naɗe sarƙar ƙofar zagaye biyu ta ƙasa, an murɗe bakinta da guntun waya. Sai da ta kusa karya farce kafin ta buɗe.

Ta sami tsohon a baranda. A kan tebur kofi ɗaya ne, faranti ɗaya, abin ya ba ta tausayi.

"Baba Des, ina makullin?"

"Yana jikinta mana. Wa ke cire makulli a dajin nan?"

"Wa ya san ka fita?"

"Duk wanda ya san ni. Juma'a ranar duba ruwa ce." Ya shafa yatsunsa da sanyin ƙashi ya kanannaɗe. "Sajan, jibi Lahadi. Na yi wa Noeleen alkawarin zan fita da ita."

Noeleen matarsa ce. Tana gidan kula da tsofaffi a Charleville, mantuwa na cin ta a hankali. Wata ran ta gane shi, wata ran ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo.

Maree ta fara da Lyle Pascoe, dillalin da ya sayar da motar. Tun safe yana filinsa a idon jama'a, ya kuma yi dariya har da dukan cinya.

"Ni in saci wannan? Haba Sajan! Ita ce mafi araha a filina. Giyar hannu, dizal, ba allo, ba kwalliya. Ko ɓarawo yana da aji."

"To me ya sa ya zaɓe ta?"

"Ai ranar na ga ikon Allah. Kowa kujerar direba yake gwadawa, shi kuwa ta mai zaman banza. Ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Manyan motocin ya ce sun yi tsawo, mai ciwon ƙugu ba za ta iya hawa ba. Ƙananan ya ce hanyarsa za ta cinye su. Wannan ce keken guragu ya shige bayanta ba tare da an cire ƙafa ba, sai ya ce in kawo biro."

Saura Col Brannigan, maƙwabcin da suka daɗe suna 'yar tsama kan iyaka. Ta same shi cikin masu askin tumaki, duk suka shaida bai motsa ba tun fitowar rana.

"Ni da Des faɗanmu na shinge ne, ba na mota ba," in ji Col.

"Shingen da ƙofarsa ta kusa raba ni da farce."

"Au, ɗaurin Noeleen kika tarar? Zagaye biyu da waya?" Ya goge gumi. "Da can suna da wani doki mai shegen wayo, da baki yake zare sarƙa. Ita ta ƙirƙiro ɗaurin, duk ɗan gidan da ya manta ya sha faɗa. Dokin ya mutu tun tuni. Des ma ya daina, yatsun sun ƙi, rataya kawai yake yi."

Maree ta yi masa godiya ta koma motarta.

Washegari da safe ta ƙwanƙwasa ƙofar Bronwyn, 'yar Des tilo, malamar makaranta a Charleville. Garejin gidan a rufe, motar masu gidan kuwa tana waje cikin rana.

"Bronwyn, buɗe mini garejin nan."

"A kan me?"

"Baƙon ɓarawo ba ya tsayawa rufe ƙofa. Maƙwabci zai rufe, amma rataya zai yi ya wuce. Mutum uku suka iya ɗaurin nan. Ɗaya tana kan keken guragu, ɗaya yatsunsa sun mutu. Kin saci motar mahaifinki, amma hannunki ya kasa barin ƙofar mahaifiyarki a sake."

Bronwyn ta zauna a kan matakala. Ta ce mijinta ne ya sauke ta a bakin hanya, ita ta ƙarasa a ƙafa.

"Baba ba ya gani, Sajan. Kwanaki ya ɗauke ni matar Col, sai da na yi magana. Tsohuwar motarsa a jikin tankin ruwa ta ƙare. Na ce ya bar tuƙi, sai ya je ya sayo wata don ya nuna mini. Ina tsoro. Kullum jira nake a kira ni a ce ya kashe kansa, ko ɗan wani."

"Ba don ke ya saya ba." Maree ta gaya mata zancen kujera da keken guragu. Bronwyn ta rufe fuska da hannu, ta daɗe a haka.

Da la'asar suka isa gonar, Bronwyn a jif, Maree a baya. Des ya saurari bayanin duka a tsaye.

"Ba a sace ba," ya ce. "Aro aka yi. Ki rubuta haka. Ba ni makullina."

Makullin na hannun Maree. Ta ji da ma wani ne aka turo ba ita ba. Ta nuna jif ɗin, tana nan gaban baranda, ko jifa ba ta kai ba.

"Baba Des, karanta mini lambar motar."

Ya ƙanƙance ido. Ya matsa gaba kaɗan, ya tsaya. Iska ta kaɗa kwanon rumfa.

"Ta nan fari kawai nake gani," ya ce a hankali.

Maree ta miƙa wa Bronwyn makullin. Tsohon bai kalli ko ɗayansu ba, ya juya fuska wajen da yake jin numfashin 'yarsa.

"Gobe in mun je, ki bar ni in buɗe wa mahaifiyarki ƙofar motar da kaina. Kada ki gaya mata ba ni na tuƙo ba."