Makullin Akwatin Intanet

Maƙwabta sun maida akwatin intanet ɗinmu rijiyar unguwa, kowa ja yake yi. Babban ɗana ya ce zai turo mai gyara ya sa masa makulli. Na ce to, amma a hannuna zai zauna, kamar na sito da na ƙofar gida.

Ana kiran magariba aka yi sallama. An ɗauke wuta, ni kaɗai ce a falo. Wani dogo ne mai magana ƙasa-ƙasa, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Yana tsugunawa gaban akwatin, fitilunsa suka kama, kore shar.

Ya ce, "Inna, wannan makullin ba ƙarfe ba ne, kalma ce. Ki zaɓi wadda ba wanda ya sani."

Ban yi boko ba, amma a ɓoye abu ba a koya mini. A raina na zaɓi sunan jaririn da na haifa kafin aure, wanda kwana biyu kawai ya yi a duniya. Ƙanwata kaɗai ta sani. Ni na goya ta, ni na aurar da ita, ni na yi jinyarta har ta rasu bara, kuma ta rantse mini ba mai ji.

Ban buɗe baki ba ya daddanna wayarsa, ya faɗi sunan daidai.

Na ce, "Kai, wa ya gaya maka?"

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka lanƙwashe ta baya.

"Ƙanwarki mana, Inna. Ko kwana ba ta yi a wurinmu ba, ta ba kowa labari."