Irin Nonon Inna Sayyada

Ranar da Salahuddeen ya fara tsayawa a rumfar Khairiya a unguwar Didaouré, ba sayen nono ya kawo shi ba. Ma'aikacin labo ne, ɗakin gwaje-gwaje, daga Dapaong, an turo shi Sokodé wata biyu yana gwada abincin kasuwa. Cokali ɗaya na kindirmonta ya roƙa a 'yar kwalba. Ta zuba masa, ta ce in ya gama leƙe-leƙensa ya dawo ya sha kamar mutane.

Ya kuwa dawo, kullum bayan la'asar. Ita ba mai yawan magana ba ce. Sai ta zauna tana saurare, yana ba ta labarin halittun da ido ba ya gani, masu mayar da madara nono.

Da ya turo manyansa, mahaifinta Alhaji Illiyasu mahauci ya ƙi. Masu duba nama sun taɓa ƙwace masa sa guda suka binne, ya ce ba ya haɗa zuri'a da irinsu. Ga kuma Wahabu mai tirela yana nema. Salahuddeen ya koma Dapaong, ya yi shiru don girmama dattijo. Ita kuwa ta ɗauka ya haƙura da ita ne.

Wata huɗu gidan shiru, daga ita sai Baba. Tun rasuwar innarta Sayyada, da irin da ta bari Khairiya ke haɗa nono, na yau daga na jiya, shekara shida bai yanke ba. Da shi kaɗai Alhaji ke shan fura.

Ranar da aka ce dangin Wahabu za su zo jibi, hankalinta ya rabu biyu. Ta juye irin kaf cikin madarar da ba ta huce ba. Washegari tukunya na nan ruwa tsululu. Alhaji ya leƙa, ya samu bakin ƙofa ya zauna, ko kwata bai fita ba.

Ta daɗe da waya a hannu kafin ta rubuta wa Salahuddeen: "Na ƙona irin Inna. Ban san wa zan gaya wa ba."

Amsa ba ta jima ba. "Khairina, kar ki zubar. In dai ba tafasa madarar take yi ba, ba duka suka mutu ba. Zafi ya ji musu rauni, sai sun gyara jikinsu kafin su koma hayayyafa. Ki lulluɓe tukunyar a ɗumi. In ya ɗan kama, ɗebi cokali ki sa a sabuwar madara, na farkon kar kowa ya sha. Na yi kewarki."

Ta karanta wa Baba, ta tsallake layin ƙarshe. Bai tambaye ta wane ne mai saƙon ba. Ya tashi ya ɗauko bargonsa da kansa, sannan ya aika wa dangin Wahabu su dakata.

Tukunya ta biyu ta kama da ƙyar. Ta uku Alhaji ya kurɓa, ya ji ɗanɗanon nonon Sayyada ya dawo, ya ɗago ya dubi Khairiya.

"Wata huɗu bai neme ki ba, don na hana?"

"E, Baba."

"Ki ce ya zo."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. A tashar Sokodé, wajen motocin zuwa Dapaong, Alhaji ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Ba ta iya cewa tana kewa ba, ɗana. Kai za ka lura. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Suka amsa da amin tare. Khairiya na ta waiwaye, Baba tsaye da hannu a sama, har mota ta sha kwana.