Lambar da Ta Koma Sifili

Ranar da lambar ta koma sifili na daina yi wa matata kuka.

A ma'ajiyar bayanan ofishinmu kowace mu'amala tana samun lambarta. Gurbin ƙirgar ya cika, lamba ta koma farko, sababbin bayanai suka fara danne tsofaffi. Marigayiya matata ce ta rubuta wannan sashen na manhajar kwamfutar, tun kafin wani likita ya ce mini uffan kan ciwonta. Don haka ni aka bari da daddare in gyara.

Wata mai shara tana goge ƙasa a bayana. Tsummanta ba ya barin danshi. Warin maganin asibiti ya cika ɗakin.

"Faɗaɗa gurbin kawai, Baban yara," ta ce, da muryar matata. "Ai na san zai cika."

Ban juya ba. "Kin sani, kika bar shi haka?"

"Na lissafa zan riga shi tafiya."

Na duba ranar da ta rubuta sashen. Makon da muke zaɓen fentin gidan da za mu tsufa a ciki ne.

Na juya in tambaye ta me ya sa ta bar ni ina zaɓen fenti. Bokitinta kaɗai na tarar, a bushe.