Yashin Zaratu

Ranar wata Juma'a na tashi daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tura gadon marasa lafiya nake yi a asibiti, daga wannan hawa zuwa wancan, tun asuba. Babu abin da nake so illa in kai haƙarƙarina ƙasa. Amma Zaratu ta kafa mini ƙahon zuƙa.

Zaratu 'yata ce, a nan London aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma ko kwana ka yi kana yi mata, da Turanci za ta mayar maka. Abin ya daɗe yana ci mini rai. A makaranta aka ce kowa ya gina siffar wata jiha mai bakin teku, ya nuna yadda ƙasarta ta kasu. Na ce ta yi Jigawa, ta harare ni, don ta san mu ko ƙamshin teku ba mu taɓa ji ba. Ta zaɓi Kuros Riba. Ta yi tsaunukan Obudu da kwali a sama, kurmi da koren auduga a tsakiya, fadama a ƙasa. Can kan tsauni ta manna kwalin ashana, wai gidanmu ne. Gaɓar teku kaɗai ta rage.

"Real sand, Baba. Please," in ji ta a waya. "It's due Monday."

Uwarta Karimatu ta karɓi wayar. "Baban Zaratu, ka biya ta bakin kogi mana, tunda kana kusa. Ni ba zan sayi buhun yashi saboda homework ba."

Daga asibitinmu da ke Whitechapel na taka zuwa Wapping, wata unguwa a bakin kogi. Magariba ta kawo jiki. Tsakanin wasu tsofaffin gine-gine akwai wani lungu, ƙarshensa matakalar dutse mai gansakuka. Na leƙa. Kogin Thames ya janye can tsakiya, ya bar fili na laka da tsakuwa.

Mu a Ringim, idan kogi ya janye, ya janye ke nan sai damina. Mu ratsa shi da ƙafa, mu buga ƙwallo a cikinsa. Duk zamana a London ta tagar bas nake hango wannan kogin, kaina a jingine, ban taɓa tambayar kowa halinsa ba. Ashe shi teku ne ke jan sa yana sakinsa, safe da yamma.

Na sauka. Kusa da matakala duk baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yashin kirki yana can gaba. Na yi ta tafiya, takalmina na caɓal-caɓal. Na tsuguna na fara cika leda. Ko bisimilla ban yi ba, gajiya ta mantar da ni.

Sai na lura ba na jin motoci.

Wani sauti ne ya maye gurbinsu. Shuu. Shuu. Irin na tankaɗe.

Wata tsohuwa ce zaune a kan laka, dab da ni, inda ɗazu babu kowa. Ta lulluɓa da baƙin zane, jiƙe sharkaf. Rariya ce a hannunta, tana tankaɗe yashi. Ƙarnin ɗanyen kifi da gishiri ya bugi hancina.

"Ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa, da irin Hausar da rabona da ji tun rasuwar kakata. "Wa ka tambaya?"

"Yi haƙuri, Iya. Ɗan kaɗan ne. Na yarinya."

"Yarinya." Rariyar ta tsaya. "Wa sunanta?"

An koya mini idan babba ya yi tambaya a amsa. Bakina ya riga hankalina.

"Zaratu."

Ta maimaita sunan a hankali, kamar mai ɗanɗana miya.

Sanyi ya taɓa idon sawuna. Ruwa ne. Ba ta gaba ya zo ba. Ta baya ya zagayo, ya shiga tsakanina da matakala.

Na zazzage ledar. "Ga shi, Iya. Na mayar."

Ba ta ɗago ba. Ruwan ya kai mata ƙirji, hannayenta na ta tankaɗe a ƙarƙashinsa.

Na juya. Laka ta riƙe ƙafata. Na fizge. Ta sake kamawa.

Ruwa a gwiwa.

Ruwa a ƙugu.

Shuu, shuu, a bayan kunnena. Na buɗe baki in ja Ayatul Kursiyyu, farkonta kawai ke zuwa.

Hannuna ya taɓa dutse. Na zame. Na sake kamawa, na ja ciki, na hau.

Ƙarar motoci ta dawo gaba ɗaya. Na waiwaya. Babu fili, babu tsohuwa, sai ruwa yana lasar matakala.

Na isa gida a jiƙe, na ce wa Karimatu zamewa na yi. Na tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na zube a kujera, barci ya kwashe ni. Da safe na tarar jihar ta kammala. Zaratu ta kakkaɓe takalmina, ta manna yashin da ke ciki a gaɓar tekunta, tana ta murna.

Na taɓa gaɓar. A jiƙe take. Da hantsi ta bushe, na ce gam ne. Da yamma danshin ya dawo, ya haura fadama. Wayewar Lahadi ya cinye kurmi, ya tsaya a gindin tsauni, ƙasan kwalin ashanar nan. Ɗakin duk ƙarnin kifi.

Zaratu na kuka, na sa wuƙa na kankare yashin tas a cikin hankici. Da rana tsaka na koma Wapping. Ban sauka ba. Daga saman matakala na yi sallama, na ba da haƙuri, na zazzage shi. Na dawo gida ina jan ƙafa, ina jin an sauke mini kaya.

Na sami Zaratu tsaye a bakin taga, ta ba ni baya, fuskarta na wajen kogi.

"Zaratu, kin ci abinci?"

Shekara da shekaru nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da yarinyar nan za ta amsa mini da Hausa.

Ba ta juyo ba. Tana murza 'yan ƙwayoyin yashi tsakanin yatsunta.

"Ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "bai cika ba."