Ambulan Ɗin da Ɓarawo Ya Kasa Ɗauka

Shekara ashirin da bakwai Sufeto Pyo Deok-man ya yi yana aikin ɗan sanda a tashar jiragen ruwa ta Gamcheon, a birnin Busan, amma ba a taɓa kiransa kan satar dutsen kunnen kifi ba sai ran Litinin ɗin nan. Ya hau benen cibiyar binciken kifi yana jan ƙafa, gwiwarsa na ciwo. Saura wata huɗu ya yi ritaya, ga shi an ƙare da aikensa neman ƙashin kifi.

Dakta Yeom Su-hyang ce ta tarbe shi a bakin sito. Ita ke riƙe da makullin, kuma tuni darakta ya gaya mata in Juma'a ta yi akwatin da aka sace bai dawo ba, ta tattara kayanta. Shekara ashirin da biyu tana aiki a wurin.

"Me ke cikin akwatin?" in ji Pyo.

"Ambulan ɗari shida, yallaɓai. Kowane kifi yana da ɗan dutse a kunne. In na yanka shi na ƙirga layukansa, kamar na kututturen bishiya, sai in san shekarun kifin. Da shekarun nan ake yanke yawan abin da jirage za su kama baɗi a tekun ƙanƙara."

"Wa ya tattaro su?"

"Dattijo Bang Gil-ryong, jami'in sa ido. Wata biyar ya yi a jirgin Kyaftin Maeng."

"Ƙofar nan ba a fasa ta ba. Wa kika ba makulli?"

"Ba kowa."

Ta faɗa da sauri, idonta na kan bango. Pyo ya ga irin kallon nan har ya gaji da ganinsa.

Ya durƙusa da ƙyar, ya haska tocila ƙarƙashin kanta. Can ciki ga ɗan ambulan guda. A ƙurar da ke gaban kantar kuma akwai alamun yatsu, an yi ta jan su a wuri ɗaya, sai kuma sawun takalmi da ya shure ambulan ɗin ciki.

"Ɓarawonku ya yar da wannan, ya yi ta ƙoƙarin ɗauka, ya kasa," ya ce. "Duba mini shi yanzu."

Rubutun ambulan ɗin ya ce kifi mai kilo sittin. Dakta Yeom ta yanka dutsen, ta sa a na'urar ƙara girman abu, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Layi takwas," ta ce a hankali.

"Da matsala ne?"

"Kifi mai kilo sittin ya kan kai shekara ashirin."

"In duk akwatin haka yake fa?"

"Sai a ce kifin na saurin girma. Sai a ƙara wa jirage abin da za su kama. Cikin shekara goma su kwashe iyayen kifin kaf."

Washegari da safe Pyo ya sami Kyaftin Maeng a kan jirginsa, yana zagin masu fenti. Ƙato ne, muryarsa kamar ta injin jirgin.

"Ni in saci akwatin? Haba, yallaɓai! Ni da na ƙosa a karanta shi? Je ka tambayi masu binciken nan na cibiya, su ne kullum ba sa son mu ci abinci."

"Yaya aikin Dattijo Bang a tafiyar?"

"Yaya Bang? Zaki ne. Kan kifi ɗari shida ya fasa shi kaɗai, ko tari bai yi ba."

Pyo ya ce a kai shi inda ake yankan. Wurin na warin kifi da gishiri. Wuƙaƙe na jere a bango, ɗaya kuma an ɗaura wa ƙotarta madaurin roba, irin wanda ake zura hannu a ciki.

"Wannan ta wa?"

"Ta Yaya Bang ce. Don kada ta suɓuce."

"Sauran ba sa suɓucewa?"

Kyaftin ya juya ya ci gaba da zagin masu fenti, amma zagin ya rage ƙarfi.

Da tsakar rana Pyo ya tarar da Bang a wata 'yar rumfar miyar kifi bayan kasuwa. Tsoho ne siriri, sanye da safar hannu ta ulu, alhali bazara ta shigo. Tsinkayen cin abinci na ajiye gefen kwanonsa, ba a taɓa su ba. Cokali ya dunƙule a tafin hannu, har kimchi, kabejin nan mai yaji, da shi yake ɗiba.

Pyo ya sunkuya ya gaishe shi, ya zauna.

"Baba, ka je cibiya ran Asabar da akwatin ya ɓace?"

"Ni? Tun da na miƙa akwatina ban taka ba. Ka ci abinci? Fuskarka kamar wanda aka tono."

"Aikin ne, Baba."

Pyo ya ciro ambulan ɗin daga aljihu, ya bar shi ya faɗi ƙasa kusa da ƙafar tsohon. Abin da zai yi bai yi masa daɗi ba, don uwarsa ba ta koya masa aiken wanda ya girme shi ba.

"Gafarta mini, Baba, gwiwata ta ƙi. Ɗan miƙo mini."

Bang ya dubi ambulan ɗin, ya dubi Pyo. Ya sunkuya. Yatsunsa suka bi ta kan takardar sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ba su kama komai ba. Mai rumfar ta daina kwashe kwanuka. Pyo ya ji kunya ta rufe shi har wuya.

Tsohon ya miƙe zaune, ya cire safar da haƙora. Yatsu uku na kowane hannu sun yi fari, sun ƙage kamar busasshen itace.

"Sati na uku da shigarmu ƙanƙara suka mutu," ya ce. "Kan babban kifi ƙashi ne mai tauri, na kasa fasawa. Na ƙananan kuwa da taushi. Sai in ciro dutsen ƙarami, in sa a ambulan ɗin babba. Maeng na gani, ya kau da kai, don shi gaba ta kai shi."

"Me ya hana ka faɗa tun a can?"

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa dawowa da ambulan wofi ba. In ce na kasa? A gaban yara?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da na dawo na ji ana cewa baɗi za a ƙara kamun, sai barci ya ƙaurace mini. Na ce gara a rasa akwatin da a karanta ƙaryata."

"Makullin fa?"

"Na ce wa Su-hyang na manta tabarau a sito. Ni na koya mata aikin nan tun ba ta san kan kifi da wutsiya ba. Ba ta san komai ba."

"Ta sani, Baba. Ta ƙi faɗar sunanka. Ran Juma'a za a kore ta."

Bang ya ajiye cokalin. Ga dukkan alama wannan bai zo masa a rai ba.

"Wawiyar yarinya," ya ce. "Tashi mu je."

Akwatin na ƙarƙashin shimfiɗarsa, a ɗakin da yake haya bisa rumfar. Ya raba ambulan ɗin gida biyu, ya dangwala wa na ƙarya jan tawada da babban yatsa. Na gaskiya ɗari biyu da sha ɗaya ne.

Pyo ya yi waya cibiya. Da ya faɗa wa Dakta Yeom cewa aikinta ya tsira, ba ta yi godiya ba. Kuka ta fashe da shi, ta kashe wayar.

A bakin mota ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta inda take. Bang ya kai hannu ga marfin ƙofa, yatsun suka zame. Pyo ya buɗe masa, ya kare masa kai da tafin hannu har ya shiga.

Sun fara hawan tudu, tashar jirage na bayansu, tsohon ya yi magana bai juyo ba.

"Sufeto, ka sa a rahotonka kada su ƙara wa jiragen nan ko kilo ɗaya. Kifin nan ba ya saurin girma. Ni ne na tsufa na ƙi yarda."