Wanda Ya Amsa wa Tanimu a Kan Dutse

Ku rage fitilar nan, ku matso kusa. Wannan labari a wani gari na ji shi, can arewa, lokacin da ƙafata ke da ƙarfin yawo. Sunan garin ya kwanta mini. Amma dutsen da ke bayansa har yanzu ina ganinsa, baƙi, da tsamiya guda a kansa.

A garin akwai wasu dattawa masu sha'awar rediyon oba-oba. Ba irin wanda ake kunnawa a ji labarai ba. Wannan kai ma kana magana, wani daga nesa ya amsa maka. Hukuma takan yi wa mutum jarrabawa, in ya ci ta ba shi lasisi da lambar kira, ita ce sunansa a layi. Kullum bayan la'asar dattawan nan sukan haɗu a layi guda, kowa daga ɗakinsa, su yi ta hira har rana ta yi ja. Babbansu shi ne Alhaji Barau, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai kaushin murya, wanda da hannunsa ya harhaɗa akwatin rediyonsa tun yana saurayi.

Suna da al'ada. Sabon shiga ba a ƙidaya shi mutum sai wani tsohon hannu ya kira lambarsa a layi, a kunnen kowa. Kafin nan, ko ya yi magana, hayaniya ce kawai.

Sai ga Tanimu, malamin dabbobi, mai yi wa shanu da awaki allura. Shi da abokinsa Shitu tela suka ci jarrabawa tare, suka sayo akwatunansu a kasuwa. Ranar farko Tanimu ya danna maɓalli, ya yi sallama, ya faɗi lambarsa cikin ladabi. Layi ya yi tsit. Can wani ya yi fito. Sai Alhaji Barau ya ce wa abokansa yau layin ba kyau, kamar yana jin kukan akuya daga nesa. Aka yi dariya, aka ci gaba da hira.

Haka aka yi washegari. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. Suka je zauren Alhaji suka gaishe shi, ya bar su a tsugune, ya gaya musu wanda bai taɓa ƙona yatsa wajen haɗa akwati ba, ba shi da abin faɗa a layi. Tun daga ranar sunan Tanimu ya koma likitan awaki.

Shitu ya naɗe wayoyinsa ya tura akwatin ƙarƙashin gado. Ya ce shi ba zai sayi wulaƙanci da hannunsa ba. Tanimu ya ce sararin Allah ba gadon uban kowa ba ne, kuma sai an amsa masa. In na gida sun ƙi, zai hau dutse, inda murya ke tafiya nesa, wani daga wata ƙasa ya amsa, a layin dattawan, suna ji. Shitu ya tuna masa ko makiyaya kewaye dutsen nan suke yi. Ya ce ba zai raka shi ba, kuma in ya nace, to kada magariba ta same shi a can.

Tanimu ya ɗaure akwatin a bayan babur, ya tafi.

Ya bar babur a gindin dutse, ya cire batirinsa, ya hau da kaya a kai. Hanya ɗaya ce, siririya, tsakanin duwatsu. A sama ya ɗaure dutse ƙarami a bakin wayar eriya, ya jefa ta kan reshen tsamiyar, ya ja ta miƙe. Ya zauna ya kunna. Ga dattawa nan suna hira, muryarsu tar, kamar suna gefensa. Ya jira. Ya san in sun yi sallama Alhaji Barau ba ya kashe nasa sai an kira salla.

Hirar ta yi tsawo. Rana ta yi ja. Ta fara nutsewa.

Da suka watse, Tanimu ya danna maɓalli. Ya kira duk mai jin sa, ko daga ina, ya faɗi lambarsa, ya ce oba, alamar ya gama magana, ya saki. Ba komai sai shuuu ɗin nan da akwati ke yi in ba mai magana. Ya sake kira. Ya sake.

Sai shuuu ɗin ya ɗauke.

Ba a hankali ba. Lokaci guda, kamar an rufe ƙofa.

Wata murya ta ce tana jin sa. Muryar dattijo ce, mai taushi, babu ƙurar nan ta layi ko kaɗan a cikinta. Zuciyar Tanimu ta yi fari. Ƙa'ida ita ce ka fara jin lambar wanda ya amsa maka kafin komai. Murna ta sa ya manta. Muryar ta tambayi sunansa da inda yake, kamar yadda masu oba-oba ke tambayar juna a ko'ina a duniya, shi kuwa ya amsa kamar yadda aka koya masa. Ko yaron goye a garin ya san ba a ba murya suna a daji da almuru. Amma shi a ransa ba a daji yake ba, a layi yake. Ya ce sunansa Tanimu, yana kan dutse, ƙarƙashin tsamiya.

"Ashe kai ne," in ji muryar. "Ina tafe. Oba."

Tanimu ya zauna da makirufo a hannu. A lokacin ya lura da abu ɗaya. A fuskar akwatin akwai 'yar allura wadda ke motsi duk sanda wani ya yi magana. Ko muryar ta yi rauni, sai ta ɗan girgiza. Wannan karon ba ta motsa ba.

Tsuntsayen da ke kan tsamiya sun yi shiru. Bai san yaushe ba.

Ya ɗaga kai. A bakin hanya, daidai inda ya hawo, wani mutum na tsaye. Dogo ne, da riga mai ruwan toka har ƙasa, hannuwa a baya. Bakinsa ya motsa, amma sautin ba daga bakin ya fito ba. Daga akwatin ya fito, nan kusa da gwiwar Tanimu.

Mutumin ya ce tun ba a haifi kakan Barau ba suke bin wannan hanya ta sama. Ya ce an rataya masa waya a gida ba sallama, an cika masa kunne da ihu. Yana magana yana takowa. Busassun ganye sun cika wurin, amma ko ɗaya bai yi ƙara ba. Da rigar ta ɗan ɗaga, Tanimu ya ga ƙafar. Diddigen ne a gaba.

"Wa ya ba ka izinin shiga layi, yaro? Muryar da ta shigo gidana ba ta fita. Ka bar mini ita, kai ka sauka."

Tanimu ya ji maƙogwaronsa ya fara sanyi, kamar an zuba masa ruwan randa. Amma tambayar nan ta izini ya sha jin ta, wata da watanni, har ta gundure shi. Wani abu mai zafi ya taso masa daga ciki, ya fi tsoron ƙarfi. An hana shi magana a ƙasa, ya hawo sama, nan ma wani tsoho zai ce ya yi shiru. Ya matse maɓalli don ya ba shi amsa.

Mutumin ya tsaya cak. Ƙafa ɗaya a sama.

Oba-oba ba ya ɗaukar murya biyu lokaci guda. In kana magana, wancan dole ya saurara. Tanimu ya duba yatsansa a kan maɓalli, ya duba ƙafar da ke rataye, ya gane. Muddin akwai muryar ɗan Adam a layin, baƙon ba shi da ƙofa.

Sai ya riƙe. Ya karanta Ayatul Kursiyyu. Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya faɗi lambarsa, ya maimaita. Mutumin na nan tsaye, bai ƙifta ido ba, yana jira. Akwatin ya fara zafi. 'Yar fitilarsa ta koma ja-ja. Magana tana shan batir fiye da sauraro, kuma batirin na babur ne. Duhu na hawowa daga gindin dutse.

Mutum ɗaya ne ya san yana iya jin sa.

"Alhaji Barau," ya ce, "na san akwatinka a kunne yake. Likitan awaki ne. Ba roƙo nake ka karɓe ni ba. Lasisina da naka hukuma ɗaya ta bayar, kuma in na kwana da rai gobe ma zan hau layin nan. Amma ina kan dutse, akwai wani tsaye a gabana. Ba shi da lamba. In ya yi magana allura ba ta motsi. Zan saki maɓallin nan, wanda ya riga shiga shi ne mai layi. Oba."

Ya saki.

Shiru.

Ƙafar ta sauka. Mutumin ya buɗe baki. Yanzu in ya miƙa hannu zai taɓa Tanimu.

Sai akwatin ya yi ƙara, ƙarar ƙura mai daɗin ji, allura ta yi tsalle har ƙarshe. Muryar nan mai kaushi ta cika dutsen. Ta kira lambar Tanimu, harafi bayan harafi, ba a ci ko ɗaya ba. Ta sake kira.

"Kai ɗan nan, ka bar akwatin a kunne. Kada ka ɗauki komai. Kada ka waiwaya. Ni zan riƙe layin."

Daga nan Alhaji ya shiga faɗa, ba ko numfashi. Ya ce yaran zamani ba su san komai ba sai saye a kasuwa. Ya ce wane irin mai lasisi ne zai ba da sunansa bai ji lamba ba, ko a jarrabawar barci ya yi. Ya koma kan tsadar batir. Ya koma kan yadda ake naɗa waya a da. Tanimu bai taɓa jin zagi mai sanyaya rai irin wannan ba.

Ya tashi a hankali. Hanyar sauka tana bayan mutumin, ba wata. Ya raɓa ta gefensa, har hannun rigarsa ya gogi ta baƙon. Sanyi ya ratsa shi zuwa ƙashi. Ya ji warin rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Idanun suka biyo shi, amma jikin bai motsa ba, bakin na nan a buɗe. Tanimu ya bi hanya yana laluben duwatsu, muryar Alhaji na bin bayansa tana ƙanƙancewa. Bai waiwaya ba. Da ya kai gindin dutse, babur ba batir, sai ya tura shi da gudu har ya ga fitilun gari.

Daga baya ya ji abin da ya faru a ƙasa. Dattawan duk sun dawo layi. In wannan zai yi salla sai ya miƙa wa wancan, ba su bar ko kafar allura tsakanin murya da murya ba, har aka idar da isha'i, wani yaro a unguwa ya zo ya ce an ga likitan ya shigo gida.

Da safe Tanimu ya buɗe ƙofa ya tarar da akwatinsa a dokin ƙofa, jiƙe da raɓa. An naɗe wayar eriyar tsaf, an ƙulle ta da wani irin ƙulli da ba wanda ya taɓa gani. Ba sawun kowa a ƙasa.

Ya yi wanka ya tafi zauren Alhaji Barau. Ya gaishe shi yadda ya kamata, ya yi masa godiya. Alhaji bai ɗago daga wayoyin da yake gyarawa ba.

"Ba kai na amsa wa ba. Layina na tsare."

"Da lambata ka kira ni, Alhaji. Duk wanda ke da akwati a garin nan ya ji."

Tsohon ya daɗe yana murɗa wata ƙaramar ƙusa. Can ya ce, ba tare da ya dube shi ba, muryarsa jiya tana fita a shaƙe, alamar eriyar a karkace aka rataya ta, kuma abin kunya ne a ji irin wannan a layinsa. Tanimu ya ce to sai a nuna masa. Bai jira an ce ya zauna ba, ya jawo kujera.

Wayar nan kuwa, da ya kwance ta ya rataya a gidansa, sai muryarsa ta riƙa kaiwa ƙasashen da dattawan ba su taɓa kaiwa ba. Mutanen bakin teku suna amsa masa, da na bayan hamada. Wasu suka ce ya kai ta daji ya binne. Ya ce shi aka kawo wa, kuma ba zai mayar ba. Sai dai da zarar rana ta yi ja yakan cire ta daga akwatin, domin sau ɗaya ya makara, ya ji shuuu ɗin ya fara ɗaukewa.

To, ku ji ni. In Allah Ya kai ɗayanku garin nan, zai gane dutsen ko ban tuna sunan ba. Kada ya hau shi kaɗai. Kuma ko a ina kuke, in murya ta amsa muku da almuru, ku fara jin ko wace ce kafin ku ba ta sunanku.